Wayoyin lantarki a jirgin ruwa: me ya sa wuta ba ta yankewa a laifin farko?

A gidajenmu, idan wayar lantarki ta kware ta taɓa jikin firji, na'urar da masu gyara ke kira disjonkter takan katse wutar nan take, muddin an kafa sandar ƙarfe a ƙasa an haɗa ta yadda ya kamata. A manyan jiragen ruwa, irin waɗanda ke sauke kayanmu a tashoshin Lome da Kwatano, da gangan aka tsara abin daban.

A tsakiyar teku babu ƙasar da za a kafa sanda. Gangar jikin jirgin, wadda ƙarfe ce, ita ke tsayawa a matsayin ƙasa, kuma da ita ake haɗa jikin kowane inji. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, da hukumar IMO mai mazauni a Landan ke kula da ita, ta wajabta hakan sai dai ga ƴan kayayyaki, kamar masu aiki da wutar da ba ta wuce volt 50 ba.

Amma ita wutar kanta, galibi volt 440, ba a haɗa tsakiyar janaretanta da jikin jirgin. Faransawa na kiran wannan tsari IT, kuma shi ake amfani da shi a ɗakunan tiyata. Dalilin ɗaya ne: akwai kayan da tsayawarsu ta fi laifin haɗari. Idan injin juya akalar jirgi ya mutu yayin shiga tasha saboda wata fitila ta jiƙe, jirgin na iya afkawa wani. A wannan tsari, waya ɗaya da ta taɓa ƙarfe ba ta samun hanyar komawa, don haka komai na ci gaba da aiki.

Sai dai jinkiri ne kawai aka samu. Idan wata waya daga layi na biyu ta taɓa ƙarfen kafin a gyara ta farko, layukan biyu sun haɗu ke nan, wuta ta yanke, wani lokaci har da gobara. Shi ya sa allon wutar ke da na'urar da ke auna lafiyar rufin wayoyi dare da rana. Tsofaffin jirage fitilu uku suke da su: in ɗaya ta dushe biyu suka ƙara haske, ma'aikaci ya san layin da ya lalace, sai ya bi yana kashe sassa ɗaya bayan ɗaya har ya gano wurin. Sau da yawa a kicin, ɗakin wanki ko fitilun waje ake samunsa, inda danshi da gishiri suke.

Wayoyin kansu silin jan ƙarfe ne da yawa a murɗe, don kada girgizar inji ta karya su. Rufinsu roba ce mai jure zafi da mai, wadda ba ta yaɗa wuta, kuma a yau an fi son marar hayaƙi mai guba, domin a lungunan jirgi hayaƙi kan riga harshen wuta kisa. Ana gwada rufin da na'urar Megger, kuma abin da ya gaza megom 1 alama ce ta matsala.

Jiragen da ke da babbar wuta, kamar volt 6,600, sukan haɗa tsakiyar janareta da jikin jirgi ta wata na'ura mai rage ƙarfin wutar da za ta zube.