Gasar Duniya ta Dattawa a Wasan Tura Dutse kan Ƙanƙara

Gasar Duniya ta Dattawa a wasan kalin, wato wasan tura dutse a kan ƙanƙara, gasa ce da ake gudanarwa kowace shekara domin maza da mata masu shekara 50 zuwa sama. Hukumar World Curling, mai hedikwata a birnin Perth na Sikotilan, ita ce ke shirya ta. An fara gasar ne a shekarar 2002 a birnin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa a Amurka.

Wasan ya samo asali ne daga Sikotilan tun ƙarni na 16. Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, kowace da mutum huɗu. Ɗan wasa kan tura dutse mai nauyin kusan kilo 20 a kan filin ƙanƙara mai tsawon kimanin mita 45, da nufin ya tsaya kusa da tsakiyar da'irar da aka zana a ɗaya ƙarshen. Abokan wasansa biyu kan bi dutsen suna goge ƙanƙarar da ke gabansa da buroshi, domin ya ƙara nisa kuma ya rage lanƙwasa. Kowace ƙungiya na tura duwatsu takwas a zagaye guda, kuma wadda dutsenta ya fi kusa da tsakiya ita ke samun maki. A gasar dattawa zagaye takwas ake yi, maza daban mata daban.

Muhimmancin gasar shi ne ba ta barin shekaru su raba ɗan wasa da fage. Da yake wasan ya fi dogara ga dabara, saiti da sanin halin ƙanƙara fiye da ƙarfin jiki, tsofaffin zakarun duniya kan dawo su fafata a cikinta. Kanada ce ta fi kowace ƙasa lashe kofin a ɓangarorin biyu.

Annobar korona ta hana gudanar da gasar a 2020 da 2021. Ta dawo a Janiba ta Suwizalan a 2022, sannan Gangneung ta Koriya ta Kudu a 2023, sai Ostersund ta Suwidin a 2024.

Nijeriya ta shiga hukumar a 2018, kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta zama mamba.