Ceton Ƙwallo a Filin Ƙasa: Nazarin Tsaron Baya a Wasan Ƙwallon Raga a Zungur, Bauchi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ɗan wasan baya ke ceto ƙwallon da aka doko da ƙarfi kafin ta taɓa ƙasa. Ta auna dabarun da ake koyarwa a duniya da yanayin filayen makarantu da na unguwa a yankin Zungur, Ƙaramar Hukumar Bauchi. Matsayinta shi ne: inda fili ƙasa ce mai tsakuwa ko siminti, karanta mai duka da iya tsayuwa su ya kamata a fara koyarwa, faɗuwa ta biyo baya.

Gabatarwa

William G. Morgan ne ya ƙirƙiro wasan a Holyoke ta Amurka a 1895, aka kafa hukumarsa ta duniya, FIVB, a Paris a 1947, ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 1964. Bauchi ba baƙuwa ba ce a harkar wasanni, domin ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a 1991 da 2000. Sai dai yaron da ke koyon wasan a Zungur ba a ɗakin wasanni yake farawa ba. Sanduna biyu ne da raga a filin makaranta, wani lokaci ma igiya, sai layin da aka ja da toka ko da ƙafa. A irin wannan fili kowa duka yake so, shi ake yi wa tafi. Mai ceto kuwa sai ya kuskure ake tunawa da shi.

Lissafin lokaci

Filin wasa mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Tsayin raga mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata. Manyan 'yan wasa maza na dukan ƙwallo da gudun da ya haura kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan mai tsaro na tsaye mita 8 daga mai duka, ƙwallon za ta iso shi a ƙasa da sulusin daƙiƙa. Ɗan Adam kuwa yana cin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa tsakanin ganin abu da fara motsi. Abin da ya rage bai isa taku ɗaya cikakke ba. Ko an rage gudun zuwa kilomita 60, wanda ya fi kusa da dukan ɗalibin sakandare, lokacin bai kai rabin daƙiƙa ba.

Ke nan wanda ya jira sai an doka sannan ya motsa ya riga ya makara. Aikin yana farawa tun ƙwallo na hannun mai ɗagawa. Idan ɗagawar ta yi nesa da raga, dukan zai yi tsawo, sai mai tsaro ya ja baya. Idan ta matse raga, zai sauko a tsaye ko a ɗan lallaɓo ta da yatsu, sai ya matso. Daga nan ido ya bar ƙwallo ya koma kan mai duka: ta ina ya taho da gudu, ina kafaɗarsa ta fuskanta, gwiwar hannunsa ta ɗaga ko ta sauka. Sannan ya fita daga inuwar masu katanga, ya tsaya inda yake hango ƙwallo da hannun mai duka ƙuru-ƙuru. Wanda ya ɓuya bayan katangar 'yan'uwansa yana gadin wurin da an riga an tsare.

Tsayuwa da hannu

Ƙafafu a buɗe fiye da kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, nauyin jiki a kan gaban tafin ƙafa, hannuwa a gaba ba a haɗe ba. Lokacin da hannun mai duka ya sauka kan ƙwallo, dole mai tsaro ya riga ya tsaya cak. Wanda dukan ya same shi yana ja da baya, ƙwallon a ƙirji ko a fuska za ta same shi. Kuskuren da ya fi yawa wurin masu koyo shi ne kai wa ƙwallo naushi da hannu biyu. Duka mai ƙarfi ba ya buƙatar ƙari. Shimfiɗa dantse ake yi, a karkatar da shi inda ake so ƙwallo ta nufa, a ɗan sassauta don ya shanye ƙarfin. A ɗaga ta sama zuwa tsakiyar fili, wajen layin da ke mita 3 daga raga, kada a kai ta bakin raga inda za ta tsallaka ta zama kyauta ga abokan hamayya.

Matsalar faɗuwa

Nan ne littafi da fili suka raba hanya. Nutso a kan ƙirji, da shimfiɗa tafin hannu a ƙasa don ƙwallo ta yi tsalle a bayansa, dabaru ne da aka gina a kan daɓen katako ko na roba mai santsi, inda jiki ke zamewa. A ƙasar da hunturu ya busar, jiki ba ya zamewa. Tsakuwa ce ke kama gwiwa da haɓa da ƙashin ƙugu, ga fatar da sanyi ya riga ya tsattsage. Yaron da ya ƙuje sau biyu zai daina bin ƙwallo, kuma yana da gaskiya. Kocin da ke masa tsawa cewa “Faɗi mana, kai rago ne?” yana neman abin da filin bai yarda da shi ba, kuma a ganina wannan tsawar na korar yara daga tsaron baya fiye da wahalar dabarar kanta.

Mafita tana cikin tarihin wasan. Hirobumi Daimatsu, kocin matan Japan da suka ci zinare a 1964, ya horar da su ceto da mirginawa: a miƙa ƙafa, a sauko ƙasa sosai, a taɓa ƙwallo, sannan a mirgina ta gefen cinya da baya a tashi tsaye. Mirginawa na rarraba nauyin faɗuwa maimakon tara shi a gwiwa, tana kuma mayar da ɗan wasa kan ƙafarsa da wuri. Ana iya fara koyonta a kan yashi ko tsohuwar katifa, ba ƙwallo, har tsoro ya fita. Dogon wando da riga mai dogon hannu, irin shigar da 'yan mata ke yi a Bauchi dama, kariya ce a nan.

Dokoki ma sun taimaka. Tun tsakiyar shekarun 1990 aka halatta ƙwallo ta taɓa kowane sashe na jiki, har ƙafa, aka kuma sassauta hukuncin taɓawa biyu a karɓar farko. Yaran Bauchi da ƙwallon ƙafa suka tashi, saboda haka miƙa ƙafa a ɗago ƙwallon da ta kusa ƙasa abu ne da jikinsu ya sani. Bai kamata ya maye gurbin hannu ba, amma hana shi asara ce.

Libero

A 1998 FIVB ta shigo da libero, ɗan wasan baya mai riga daban, wanda ba ya katanga, ba ya dukan ƙwallon da ta haura raga. Sérgio Santos na Brazil ya ci zinaren Olamfik a 2004 da 2016, a ta 2016 a Rio ma shi aka zaɓa gwarzon gasar maza. Wannan gurbi ya buɗe ƙofa ga gajeren yaro mai ido da saurin ƙafa, irin wanda a filin unguwa ake tura shi ɗauko ƙwallo daga cikin gona. Malamin wasanni zai iya gano shi da takarda da biro: a kowane wasa ya rubuta duka nawa yaro ya taɓa, nawa ne suka isa ga mai ɗagawa, kuma a nawa ne dukan ya same shi a tsaye a wurin da ya dace. Wannan ƙidaya ta uku ita za a fi dubawa wajen ba da rigar libero.