Sukarin Ƙwaƙwalwa: Yadda Likitoci Suka Koyi Gano Mai Ji A Cikin Doguwar Suma

 Yau zan ɗauko mana tarihin wata tambaya da ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya: mutum ya yi hatsari, ya shafe makonni a doguwar suma, sai ya buɗe ido amma ba ya magana, ba ya amsawa. Shin yana jin mu, ko babu kowa a ciki?

A 1972, likitoci biyu, Bryan Jennett na Gilasgo da Fred Plum na Amurka, suka bai wa wannan yanayi suna a mujallar Lancet: farkawa ba tare da hayyaci ba. Abin aunawarsu a lokacin shi ne ido da kunne. A kira sunan majinyaci, a ce ya matse hannu, a duba ko idonsa zai bi motsi. In bai yi ba, shike nan, a rubuta cewa ba ya cikin hayyacinsa.

To ina matsalar? Akwai wanda yake ji sarai amma jikinsa ya shanye. Wani bincike a Beljiyam a 2009 ya gano cewa kusan 4 cikin 10 na waɗanda aka yi wa wannan hukunci suna da burbushin hayyaci. Ku dubi girman abin, domin da irin wannan hukunci ne iyali ke yanke shawarar ci gaba da magani ko dakatarwa.

Mafitar ta zo ta hanyar sukari. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma abincinta gulukos ne. A 1976 aka fara yi wa ɗan Adam allurar wani sukari mai ɗan tururin nukiliya a Jami'ar Pennsylvania. Duk sashen da ke aiki sai ya zuƙe shi, na'urar PET kuma ta nuna wurin yana haske. Tun a shekarun 1980 aka ga cewa ƙwaƙwalwar marasa hayyaci tana ƙona rabin sukarin da mai lafiya ke ƙonawa, ko ma ƙasa da haka.

A 2014, tawagar Steven Laureys a birnin Liège na Beljiyam ta duba majinyata 126. Cikin 41 da gwajin gefen gado ya ce ba su da hayyaci, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna alamarsa a 13. Tara daga cikin 13 ɗin sun dawo hayyacinsu daga baya. A 2016 kuma masu binciken suka fitar da adadi: hayyaci yana buƙatar aƙalla kusan kashi 42 cikin 100 na sukarin da ƙwaƙwalwa mai lafiya ke ƙonawa.

Kada dai ku ɗauka na'urar ta zama alƙali. Tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma magungunan sa barci suna rage hasken. Shi ya sa ake haɗa ta da gwajin gefen gado da ake maimaitawa sau da dama.

Ni darasin da na ɗauka shi ne, shirun majinyaci ba hujja ba ce cewa ba ya nan. Idan kun je dubiya, ku yi masa magana da daraja, ku kiyaye abin da kuke faɗa a kansa. Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.