Haraji Da Jangali: Yadda Talakan Arewa Ya Ƙosa Da Mulkin Bature

Mai karatu, duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Amurka ya san cewa rigimar da ta raba ta da Ingila a kan kuɗi ta faro. Ingila ta gama yaƙin shekara bakwai da Faransa a 1763 da bashi har wuya, sai ta juya ga 'ya'yanta da ke zaune a yankuna 13 na gaɓar Amurka ta ce su taya ta biya. A 1765 aka sa haraji a kan takardun kotu da jaridu, har da katin karta. Mutane suka yi bore, aka janye a 1766, aka kuma dawo da wani a 1767 kan gilashi da fenti da ganyen shayi. Hujjarsu guda ce: majalisar London ba ta da wakilinsu ko ɗaya, don haka ba ta da hurumin taɓa aljihunsu. A 1770 sojoji suka harbe mutum biyar a Boston, a 1773 matasan garin suka tuttular da akwati 342 na shayi cikin teku, a 1775 bindiga ta fara magana, ranar 4 ga Yuli, 1776 kuma suka ce sun yanke igiya.

To mu fa? Mu ma wannan Ingilar ce ta mulke mu, kuma harajin da muka biya ya fi nasu ciwo nesa ba kusa ba. Me ya sa tamu ba ta ƙare da harbe-harbe ba? Ni a ganina, in kana son amsa, Daura za ka duba.

Lokacin jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓe birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, aka wayi gari Daura ta zama uku, ana zaman doya da manja kusan shekara ɗari. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, a yawancin wurare sun bar sarauta a gidajen da suka tarar. A Daura kuwa sai suka yi abin da ba su saba ba: a 1904 suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya kuma zauna har 1966. Ka ga ke nan sarki ɗaya ya ga kusan duk zamanin Bature, ya kuma ga tafiyarsa.

Ka tsaya ka yi tunanin wannan da kyau. Ba'amurke yana da majalisarsa ta gida tun kafin rigima, kuma in ya ɗaga kai jami'in Sarkin Ingila yake gani da jar riga a gabansa. Mutumin Sandamu ko Mai'aduwa kuwa zai iya shekara bai sa Di'o a ido ba. Wanda ya sani shi ne mai unguwa da ke ƙirga magidanta, da dagacin da ke karɓa, da hakimin da ke kaiwa Baitulmali, da dogarin da ke zuwa in an makara. Wannan shi ne mulkin Lugga, mulki ta hannun sarakuna, kuma dabara ce ta gaske: Bature ya ɗauki kasonsa, bakin jini ya bar wa En'e. A Daura abin ya ƙara da cewa gidan sarautar ta hannun Turawan ya dawo birni. Wa zai tsammaci fada ta ja gaban bore?

Ba wai kafin Turawa ba a biyan komai ba ne. Akwai kuɗin ƙasa, akwai zakka, akwai na karofi da na shuka. Abin da dokar 1906 ta yi shi ne tattara yawancinsu a dunƙule, sannan sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi, aka ce sai sule da kwabo. Manomin da bai da kuɗin Bature dole ya nemo su, hanyar nemowa kuwa gyaɗa ce, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da farashin gyaɗa ya faɗi warwas a shekarun 1930, harajin bai faɗi tare da shi yadda ya kamata ba. Sai a sayar da akuya, a sayar da hatsin da za a ci da bazara, ko a tafi cirani. Bafillatani shi kuma jangali ke jiransa, kan kowace saniya.

Mutanen bakin iyaka suna da wata mafita da na tsakiyar ƙasa ba su da ita. Layin da Ingila da Faransa suka ja ya ratsa tsohuwar ƙasar Daura, ya bar dangi a ɓangaren Magarya da Kance. In nan ta yi zafi a tsallaka can, in Faransa ta matsa da aikin tilas da ɗibar soja a dawo nan. Makiyayi ma ya san lokacin ƙirgar shanu. Gudun haraji ba bore ba ne, amma kuma ba biyayya ba ce.

Masu ɗaukar makami kuwa sun ga abin da ya faru. A Fabrairun 1906 talakawa da bayin Satiru, kusa da Sakkwato, suka far wa rundunar Turawa da gatura da fartanya suka yi galaba. Wata guda bai cika ba aka dawo aka shafe garin, da taimakon mahayan Sarkin Musulmi. A Afrilun shekarar aka buge Haɗeja, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. Daga nan aka fahimci cewa ba da mashi za a yi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tunzura abin. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban mazaje daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Wasu aka kai su Bama, suka dawo sun ga Bature yana gudu yana mutuwa kamar kowa. Ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, inda Abubakar Imam ya buɗe filin wasiƙu, malaman makaranta da akawuna suka fara koke a rubuce. (Ina mamakin yadda 'yan fim ɗinmu ke ta zagaye soyayya, ga labarin sojan Bama da ya dawo ƙauye ya iske dagaci na jiran harajinsa.)

Watan Agustan 1950 abu biyu suka faru kusan tare. Ranar 8 ga wata wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya zo ya jagoranta, da tunanin Sa'adu Zungur a bayanta. A Kaduna kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba ɗan tawaye ba ne ko kusa, ya miƙe a majalisa ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Lura da inda kibiyoyin biyu suka nufa: En'e, kafin Razdan. 'Yan Sawaba sun gane cewa ba za ka kai ga Bature ba sai ka bi ta kan hakimi da alƙali, su kuma waɗannan suka rama da bulala da gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Maganar wakilci, wadda ta harzuƙa Amurkawa, nan ma ta taso. A zaɓen 1951 an bi matakai ne hawa-hawa, En'e kuma tana da damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe. NEPU ta yi rawar gani a matakan farko a Kano, amma ba ta kai ko mutum ɗaya majalisa ba. Matan Arewa kuwa, ko a 1959 ba su jefa ƙuri'a ba.

Sannan ga abin da Amurkawa ba su fuskanta ba irin yadda muka fuskanta: tsoron maƙwabci. Ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya ce a mayar da shi sai lokacin da ya dace, don Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilmin boko, kada a fita hannun Bature a faɗa hannun Kudu. Aka yi wa wakilan Arewa ihu a Ikko, a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano aka yi asarar rayuka. Daga nan sai teburin shawara, London da Ikko, har Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba, 1960.

An sauke tutar Ingila, Sarki Abdurrahman yana kan gadonsa, malamin haraji ma yana nan da littafinsa. Mutumin Daura ya ci gaba da nuna takardar haraji a hanyar kasuwa shekara 19 bayan tafiyar Bature. Sai a 1979, lokacin Daura na cikin Jihar Kaduna, gwamnatin PRP ta Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano.