Tarihin Zama Ɗan Ƙasa a Afirka ta Yamma

Zama ɗan ƙasa, a ma'anarsa ta shari'a, alaƙa ce tsakanin mutum da hukuma: ita ke ba shi fasfo da damar jefa ƙuri'a, ita ke hana a kore shi daga inda yake zaune. A Afirka ta Yamma wannan ma'ana ba ta daɗe ba. Kafin zuwan Turawa ana sanin mutum ne da garinsu da sana'arsa da sarkin da yake biya wa haraji, kuma ƙofar shiga al'umma a buɗe take. Bafatake kan sauka wurin mai masauki, ya yi aure, jikokinsa su tashi 'yan gari. Sunayen unguwannin Kano irin su Agadasawa da Zangon Barebari da Tudun Nufawa shaida ne cewa da baƙi aka gina birni.

Mulkin mallaka ne ya kawo iyaka da takarda. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa tsakanin 1890 da 1906 sun raba Katsina da Maraɗi, dangi ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin tutoci biyu. Ko a cikin mulki ɗaya ma ba a daidaita mutane ba. Haifaffen Legas talakan sarautar Ingila ne, mutumin Arewa kuwa wanda ke ƙarƙashin kariyarta ne kawai. A ɓangaren Faransa, haifaffun garuruwa huɗu na Senegal ne aka tabbatar wa cikakken matsayi a 1916, sauran jama'a sai a 1946.

Da aka sami 'yancin kai, sababbin gwamnatoci sun gaji iyakokin, suka kuma amince a taron Alƙahira na 1964 cewa ba za a taɓa su ba. Saura tambaya ɗaya: wane ne na ciki? Amsar da aka fi bayarwa ita ce a duba asali, a kuma tsayar da wata rana. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1979, da na 1999 bayansa, ya ce wanda aka haifa kafin 'yancin kai sai iyayensa ko kakanninsa sun fito daga wata al'umma ta asalin ƙasar. Nan ne kuskuren ya samo tushe. An ɗora haƙƙin mai rai a kan inda aka haifi kakansa, a yankin da ba kasafai ake rajistar haihuwa ba a lokacin, kuma ba a taɓa daina tafiya ba. Ma'aunin da ba a iya tabbatar da shi da takarda, mai mulki ne ke fassara shi.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, umarnin ya rutsa da mazauna zango da yawa waɗanda a can aka haife su. A 1983 Najeriya ta yi irin wannan kora, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida. Amma shari'ar da ta fi tona asirin lamarin ita ce ta Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP. A Janairun 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi bisa hujjar cewa mahaifinsa daga can yake. Babbar kotun Maiduguri ta tabbatar ɗan Najeriya ne, aka dawo da shi. Da ba ɗan adawa mai ƙarfi ba ne, da babu wanda ya tuna da mahaifinsa. A Kodebuwa ma haka aka yi wa Alassane Ouattara, aka hana shi takara a 1995 da 2000 kan zargin asalin Burkina Faso, kuma wannan wariya na cikin abin da ya hura wutar yaƙin 2002.

Masu kare wannan tsari sukan ce kowace ƙasa dole ta ja layi, kuma 'yan asalin wuri na da haƙƙin kada a mamaye musu gona da sarauta. Maganar farko gaskiya ce, sai dai ana iya jan layin a kan abin da ake iya tabbatarwa, wato haihuwa da daɗewar zama. Ta biyu kuwa batun filaye ne da gado, wanda ke da nasa dokokin. Warware shi ba ya buƙatar a bar mutum ba shi da ƙasa ko ɗaya.

Akwai kuma masu ganin zama ɗan Afirka zai share matsalar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da damar shiga ƙasashen ƙungiyar na kwana 90 ba biza, an kuma ƙaddamar da fasfon Tarayyar Afirka a Kigali a 2016. Duk da haka, ba a samun ko ɗaya sai da takardar wata ƙasa a hannu, don haka wanda ƙasarsu ta musanta shi ba shi da rabo a ciki. Kundin haƙƙin ɗan Adam na Afirka na 1981 bai ambaci haƙƙin zama ɗan ƙasa ba; sai a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar suka amince da ƙarin yarjejeniya a kansa.