Baba Mutuniyar Karo da Tarihin Cikin Gida

Yau labarin wata tsohuwa zan ba ku, mutuniyar Karo, wadda ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma har yanzu ana karanta maganarta a jami'o'in duniya.

A jami'a akwai fannin da ake kira nazarin ɗan Adam da al'adunsa. Masu wannan karatu sukan tare cikin jama'a, su koyi harshensu, su ga yadda ake aure da suna da rabon gado, su rubuta. A shekarar 1949 wani mai irin wannan bincike, M. G. Smith, haifaffen Jamaika da ya yi karatu a Landan, ya zo ƙasar Zazzau da matarsa Mary. Ya zauna da hakimai da manoma da 'yan kasuwa. To, amma sai ya ci karo da abin da kuka fi kowa sani: baƙo namiji iyakarsa zaure. Rabin al'umma na cikin gida, ba shi da hanyar jin ta bakinsu.

Mary ce ta shiga, domin ta koyi Hausa. A Giwa ta haɗu da wata dattijuwa da ake kira Baba, jininsu ya haɗu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wajen mako 6, Baba na ba da labarin rayuwarta, Mary na rubutawa da hannu, da Hausa, yadda ya fito daga bakinta.

An haifi Baba wajen 1877, tun Turawa ba su ci ƙasar Hausa ba. Danginta manoma ne da malamai, asalinsu Barebari, kuma suna da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma. Ta ba da labarin zamanin hari, lokacin da mahaya kan faɗa wa ƙauye su kwashe mata da yara, dangi su shiga haɗa dukiyar fansa. Ku duba fa, littattafan tarihi sukan ce sarki kaza ya kai hari gari kaza, shi ke nan an wuce. Baba kuwa ta faɗi yadda abin yake ga wanda aka ɗauke wa nasa, ana zaune ba a san ko yana raye ba. Ta ga zuwan Turawa, ta ga hari ya tsaya, ta kuma ga bayin gidansu suna watsewa.

Sai zancen aure. Sau 4 Baba ta yi aure. Na fari na zumunci ne, da ɗan uwanta, ba don tana so ba, kuma bai ɗore ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙe 'ya'yan dangi ta aurar. Ta yi bayanin ƙawance, da biki, da wankan jego, da kunyar ɗan fari, da zaman kishiyoyi, da bori, da 'yan sana'o'in da mace ke yi a ɗakinta ta tara abin kanta. Abubuwan da mu muke gani ba komai ba, su ne masana suka rasa a ko'ina sai a bakinta.

Ni dai ban ce a haɗiye komai ba. Mace ɗaya ce, daga gida ɗaya, gidan masu bayi. Da baiwar rinjinsu aka tambaya, da wani labarin za mu ji. Kuma da Baturiya take hira, a zamanin mulkin Turawa, kun san mutum kan auna bakinsa gaban baƙo. Shekarar haihuwarta ma kintace ce.

Baba ta rasu a 1951. Littafin ya fito a Landan a 1954, da Turanci, da sunan Baba of Karo. Ba ta gan shi ba, kuma matan da aka yi zancensu ba su iya karanta shi ba. Sai da aka shafe fiye da shekara 30 kafin a buga shi da Hausar da ta yi magana da ita.

Ranar da na fara karanta shi a ɗakin karatun jami'a, kakata ce ta faɗo mini a rai. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya, tana fara labarin yunwar da aka yi tana yarinya, ina cewa, “Kaka, barci nake ji.” Ta rasu ban san ko sunan ƙauyen da suka baro ba. Yanzu gwaggona kawai ta rage a sa'o'inta, kuma ranar Juma'ar nan, in Allah ya kai mu, can zan wuni da wayata a hannu, in ta yarda in naɗi muryarta.