Askar Wanzami, Rezar Bature da Tarihin Kurajen Aski

Duk wanda ya saba zama a shagon aski, a Maraɗi ne ko Damagaram ko zangon Kumasi, ya san irin haɓar nan da wuyan da ƙananan kuraje suka mamaye, wasu sun yi baƙi, wasu sun ɗuri ruwa. Masu su kan ce fatarsu ba ta son aski. Wasu su ɗora wa jininsu laifi, wasu su zargi hannun mai aski. Amma sau da yawa matsalar tana ga abin askin da kuma yawan yin sa, kuma dukansu biyu suna da tarihin da ya kamata mu sani kafin mu miƙa kuɗinmu ga mai kanti.

A wurin kakanninmu aski aikin wanzami ne, sana'ar gado mai shugabanta, wato Sarkin Aska. Wanzami yana yawo da zabira, cikinta akwai asake iri-iri da ƙaho da dutsen wasawa. Maƙeri ne ke ƙera askar, shi kuwa wanzami ya wasa ta, ya goga ta a fata har ta yi kaifin da yake so. Shi ke yi wa jariri askin suna ranar bakwai, shi ke kaciya da ƙaho da tsaga. Da fataken goro suka bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, daga baya kuma Kumasi, wanzamai sun bi su, har sunan sana'ar ya shiga bakin mutanen Gana, inda yau ma ake kiran mai kaciyar gargajiya da wanzam.

Abin lura a nan shi ne yadda askin yake a wancan zamani. Kai ake askewa ƙwal, gemu kuwa magidanci barinsa yake yi saboda sunna da kamala, sai dai a gyara masa saje da gashin baki. Kuma ba kullum ake yi ba. Mutum kan jira Juma'a ko ranar kasuwa, wanzami ya jiƙa gashin da ruwa, ya murza shi har ya yi laushi, sannan ya ɗora aska guda. Wuya da ƙarƙashin haɓa, inda kuraje suka fi fitowa, ba safai ƙarfe ke bi ta kansu ba, in ma ya bi, fata na samun kwanaki ta huta.

A Turai ma aska ce ake amfani da ita, kuma garin Sheffield na Ingila ya yi suna wajen ƙera ta. Da yake aske wa kai da aska tsirara yana da haɗari, wajajen 1770 wani maƙerin wuƙaƙe na Faransa, Jean-Jacques Perret, ya yi wa aska kariyar katako domin mutum ya iya aske fuskarsa ba tare da ya yanke ba. Babban sauyi ya zo ne daga Amurka. King Camp Gillette ya kafa kamfaninsa a 1901 a kan wata dabara: siririyar reza mai arha da ake ɗaurawa a mariƙi, in ta dakushe a jefar a sayi wata. A 1903 abin aski 51 kawai ya sayar da reza 168. A 1904 ya sami takardar mallakar fasahar. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya buɗe masa kasuwa, domin abin rufe fuska na kariya daga iska mai guba ba ya kama fuskar mai gemu. Gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyin kayan askin Gillette, suka koma gida da ɗabi'ar aske fuska kowace safiya.

Wannan ɗabi'a ta iso mana tare da kaki da aikin ofis. Soja da ɗan sanda da ma'aikaci suka zama mutanen da ake son ganin haɓarsu sumul kullum. Rezar kanti ta shiga kowace kasuwa, musamman bayan 1962 da kamfanin Wilkinson Sword ya fito da wadda ba ta tsatsa. Daga nan kamfanoni suka shiga tseren wanda zai fi aske gashi har tushe. A 1971 Gillette ya jera reza biyu a kai ɗaya, a 1975 Bic ya kawo abin askin roba da ake jefarwa gaba ɗaya, a 1998 reza ta zama uku, a 2006 ta kai biyar.

Hikimar jera reza ita ce, ta farko ta ɗan jawo gashin waje, kafin ya koma ta bayanta ta datse shi. Da ya koma sai ya nutse ƙasa da saman fata, fuska ta yi santsi. Ga mai gashi miƙaƙƙe wannan ba ya cika kawo matsala, domin gashin zai sake fitowa ta ƙofar da ya shiga. Namu gashin a murɗe yake tun daga saiwarsa, ramin da yake tsirowa ma a lanƙwashe yake. Idan aka yanke shi da tsini a ƙarƙashin fata, yakan huda gefen ramin ya shige nama. Idan ma ya fito, yakan lanƙwaso ya soki fata ya koma. Jiki kuwa yana ɗaukarsa kamar sartse, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi mugunya. Da ya warke ya bar baƙin tabo, a wasu mutanen ma tabo mai tudu wanda ba ya bajewa.

A 1956 wasu likitocin fata biyu na Amurka, Strauss da Kligman, suka wallafa bayanin yadda waɗannan kuraje ke samuwa daga gashin da ya koma cikin fata. Matsalar ta fi bayyana a rundunar sojan ƙasar, inda dokar aski kullum ta fi gallabar baƙaƙen fata, har aka riƙa ba wasu takardar likita da ke ba su damar barin ɗan gajeren gemu. Kasuwa ma daga baya ta waiwayo. A 2013 wani baƙar fatan Amurka, Tristan Walker, ya kafa kamfanin da ke sayar da Bevel, abin aski mai reza guda domin masu murɗaɗɗen gashi. A 2018 kamfanin Procter & Gamble, wanda shi ya mallaki Gillette tun 2005, ya saye shi. Bayan an kai reza biyar, sai ga shi an dawo kan guda.

Kada wannan ya sa mu wanke askar wanzami tas. Ita ma idan aka ja fata aka tayar wa gashi, za ta haifar da kurajen. Kuma tana da babban aibi: aska ɗaya tana bin kawuna da yawa, alhali ciwon hanta da cutar ƙanjamau suna bin jini. Shi ya sa wanzamai da yawa yau suke ɓare sabuwar reza a gaban mai aski, kuma haƙƙinmu ne mu nemi hakan ba tare da jin nauyi ba.

Wanda fatarsa ke yin kuraje, abin da ya fi masa shi ne reza guda, sabuwa mai kaifi, domin dakusasshiya fizgar gashi take yi. Ya jiƙa wurin da ruwan ɗumi, ya sa kumfa, ya bi kwanciyar gashin, kada ya ja fata, kada ya maimaita wuri ɗaya. Ya bar kwanaki tsakanin aski da aski, bayan ya gama ya shafa man kaɗanya ko wani mai marar turare. Wanda hakan bai yi masa ba, kilifa ta fi masa, a saita ta ta bar gashin ya ɗan ɗago kamar milimita ɗaya. Idan kuraje sun riga sun kama, a dakatar da aski na ƴan makonni har gashin da ya maƙale ya fito, a daina tsokano shi da allura. Wanda nasa suka yi mugunya ko tudu, likitan fata ya kamata ya gani.

Sai kuma hukumomin da ke tilasta wa ma'aikatansu aski kullum. Dokar da suka gada an tsara ta ne a kan gashin wasu mutane, kuma matasanmu ne ke biyan kuɗinta da tabon da za su mutu da shi. Ba laifi ba ne a sassauta wa wanda likita ya tabbatar da lalurarsa. Allah ya ba mu lafiya da basirar gane abin da ya dace da jikinmu.